Dayi, ƙayar da raƙumi ke ci: lacca a kan ƙananan tsirran ƙasar Tasawa da Mayahi

Tsiron da na kawo gabanku yau ba a dasa shi, ba a ba shi ruwa, ba a kai shi kasuwa da tiya. Kowa a zauren nan ya taɓa taka shi, kuma wanda ya taka shi da ƙafa ba takalmi bai manta ba. Dayi nake nufi. Hujjar da zan bi daga farko har ƙarshe guda ce: mun daɗe muna yanke wa ƙananan tsirran ƙasarmu hukunci da tafin ƙafar mai noma, wanda ya soke mu mu ce mugu ne, wanda ya yi laushi mu ƙyale shi, alhali abin da ya kamata mu tambaya shi ne wane baki ke cin tsiron, a wane wata, kuma me zai tsaya a gurbinsa in ya tafi. Wannan kuskuren awo yana da tsada, kuma makiyayan Gulbin Kaba sun riga sun fara biya.

Bari mu tsuguna mu dube shi da kyau, domin yawancinmu tsallake shi muke yi. Dayi ba ya son tsayi. Yakan fito daga saiwa guda mai nutsawa cikin yashi, ya baza rassa ta ko'ina kusa da ƙasa, ganyensa mai tsage-tsage, launinsa kore mai toka-toka. A kan rassan akwai ƙananan kawuna kamar ƙwallon goruba da aka rage masa girma sosai, kowane kai an lulluɓe shi da ɓawo-ɓawo masu hawa kan juna, kowane ɓawo kuma ya ƙare da ƙaya mai tsini, ta yadda in ka dubi kan daga sama sai ka ga siffar tauraro. Daga tsakiyar wannan ganuwa ta ƙaya ne wani ɗan tuntu mai launin shunayya ke leƙowa. Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya ne, taron furanni ne ƙanana masu yawa da suka haɗa kai a kan faifai guda, kowanne da ƙwayar irinsa a ƙasa. Wannan tsari shi ne tambarin babban dangin da dayi ya fito daga ciki, dangin da ya haɗa shi da shuwaka, da tazargade, da latas ɗin da masu lambu ke nomawa da sanyi. Wanda ya ɗanɗana ganyen dayi zai ji ɗaci, kuma ɗacin nan gadon gida ne, domin 'yan wannan dangi da dama suna ƙera wasu sinadarai masu ɗaci da suke kare kansu da su daga ƙwari da dabbobi.

Masana tsirrai suna kiran zuriyar da sunan Centaurea, zuriya ce mai ɗaruruwan iri, mafi yawansu a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum da yammacin Asiya. Lokacin da Dalziel, wani likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya buga ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya rubuta dayi, ya ce raƙuma na cinsa, ya kuma ba shi sunan wani ɗan'uwansa na Turai, Centaurea calcitrapa, saboda kamar da ke tsakaninsu. Daga baya masana suka daidaita a kan cewa namu daban ne. Sunansa Centaurea perrottetii, sunan da masanin nan de Candolle na Janeba ya raɗa masa a 1838 don tunawa da Perrottet, wanda ya tattara tsirrai a Senegal a shekarun 1820. Akwai kuma wani na kusa da shi, Centaurea senegalensis. Mazauninsu shi ne wannan ɗamara ta Sahel da ta taso daga bakin teku a Senegal ta ratsa Mali da Nijar da arewacin Najeriya ta nufi Chadi. Na tsaya a kan wannan ne don a riƙe abu ɗaya: dayi ɗan ƙasa ne. Ba jirgi ya kawo shi ba, ba a cikin buhun iri ya ɓuya ya shigo ba. Kashin yawo, wanda ke maƙale wa tumaki a gashi, asalinsa nahiyar Amurka ne, haka ma kwarko mai furen rawaya da ke fitowa a kufai da bakin rafi, daga wajen Meziko ya taso. Dayi kuwa tare da yashin nan da iskar hunturun nan da dabbobin nan ya girma.

To, wa ke cinsa? Ƙaya da ɗaci sun kori saniya in tsiron ya ƙosa, amma ba su kori raƙumi ba. Ku dubi bakin raƙumi in yana kiwo. Leɓensa na sama a tsage yake gida biyu, kowane ɓangare yana motsi da kansa kamar yatsa, da shi yake tattaro reshe ya juya shi. Cikin kumatunsa kuma cike yake da wasu tsinkaye masu tauri da suka karkata zuwa maƙogwaro, su ne ke kwantar da ƙaya su bi da ita a miƙe har ya tauna. Dabbar da ke cin reshen aduwa da na farar ƙaya ba za ta ji tsoron kan dayi ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lokaci. Burburwa da ƙarangiya da sauran ciyayin damina gajeren rai gare su, ruwa na ɗaukewa sai su zuba iri su bushe, abin gina jikin da ke cikinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Tsiro mai doguwar saiwa irin dayi yakan riƙe ɗanyensa bayan an yi girbi, lokacin da gona ta zama fili. Tsakanin kaka da bazara kowane ɗanyen ganye a ƙasar nan yana da daraja wadda ba ta da alaƙa da girmansa, kuma duk makiyayi ya san haka ba tare da an karanta masa ba.

Tasawa ta san raƙumi tun ba yau ba. A watan Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya iso Tasawa bayan ya gangaro daga Azbin tare da ayarin gishiri na Abzinawa. Abin da ya gani tsari ne da ya girme shi da ƙarnoni: raƙuma dubbai su ɗauko kantun gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, su sauko ta Damargu zuwa ƙasar Hausa, a yi musaya da gero da tufafi, sa'an nan dabbobin su yi rani a gonakin da aka girbe, su ci abin da ya saura, su bar taki. Barth ya yi ƙorafi sosai a kan ƙarangiya, yadda take shiga tufafi da fata har matafiya ke yawo da ɗan hantsaki don cire ta, amma shi ɗin dai ya shaida cewa mutane suna cin ƙwayarta. Tsofaffinmu da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 ba sa bukatar Barth ya gaya musu wannan. Ƙarangiya da dayi darasi ɗaya suke bayarwa, zuma ce ga zaƙi ga harbi, sai dai mun riƙe harbin mun manta da zaƙin. A wancan tsohon tsari, ƙayar da ta dami manomi a watan Agusta ita ce ke ciyar da raƙumin da zai takin gonarsa a watan Fabrairu, don haka ba wanda ya yi asara.

Abin da ya sauya shi ne ƙasa ta cika. A ƙidayar 1977 jihar Maraɗi ba ta kai mutum miliyan 1 ba. A ƙidayar 2012 ta kai miliyan 3.4, kuma gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum 500,000. Ruwan da ke sauka bai ƙaru da yawan bakunan ba, yana nan tsakanin milimita 350 da 500 a yawancin shekaru, yana raguwa in ka nufi arewa wajen Urafan da Cake. Tun a shekarun 1970 da 1980 Claude Raynaut da abokan aikinsa, da suka yi dogon nazari a karkarar Maraɗi, suka nuna cewa gonaki suna cinye daji, saura tana ɓacewa. A da manomi kan huta da gona shekaru, ciyayi da kalgo da sabara su rufe ta, dabbobi su yi kiwo a ciki. Yau gonar gado ake rabawa tsakanin 'ya'ya har ta koma ɗan tsiri, ba mai halin ya bar taƙi ɗaya ba shuka. Bayan girbi kuma ba a barin komai: kara a ɗaure a ɗora bisa itace ko rumfa, harawar wake da ta gyaɗa a kai kasuwa, ko busasshiyar ciyawar daji ma ana sharo ta da manjagara a loda wa amalanke a kai gari don tumakin turke. Ranar da hukuma ta ba da sanarwar sakin gonaki, makiyayi yakan shigo ya tarar da fili a share. Abin da ya rage masa shi ne abin da hannun mutum ya ƙi ɗauka, wato ganyen itace, da 'ya'yan gawo in an bar su, da tsirrai masu ƙaya irin dayi. Ƙayar da muke zagi ita ce ta hana a kwashe shi.

Yanzu ku ajiye dayi a hannun dama, ku ɗauko garmani a hannun hagu. Garmani, wanda masana ke kira Sida cordifolia, ba shi da ƙaya ko ɗaya. Ganyensa laushi gare shi kamar ƙyallen karan-miski, yaro zai ratsa shi da gudu ba abin da zai same shi. Amma ku tambayi Fulanin da ke bin burtalolin Mayahi da Tasawa da Dakoro wane tsiro ne ya fi cutar da su, ba za su ce dayi ba. Garmani ya mamaye makiyayu da burtali da gefen ƙauyuka a jihar nan, wani wuri sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga komai a ƙasa sai shi. Yadda abin ke faruwa a fili yake. Makiyaya ta ƙuntata, dabbobi sun yi mata yawa, suna cinye ciyawa mai daɗi tun kafin ta zuba iri, garmani kuwa ba su damu da shi ba, sai ya samu sarari ya yi iri tuli, dabbobin da kansu su yaɗa shi da ƙafa da kashi. Shekara ta zagayo ya fito da yawa, ya yi wa ciyawa inuwa ya danne ta. Mai wucewa a mota a watan Satumba zai ga kore shar ya ce an yi damina mai albarka, alhali saniya tana tsaye a cikin koren nan da yunwa. Shekaru ke nan hukumomi da ƙungiyoyi suna biyan mutane kuɗin aiki su tumɓuke garmani a watsa irin ciyawa a gurbinsa, kuma aiki ne da sai an maimaita, saboda irin da ke kwance cikin ƙasa ba ya ƙarewa a damina ɗaya. Idan da tafin ƙafa ne ma'auni, garmani ne na kirki, dayi ne mugu. Bakin dabba ya ce akasin haka, kuma tattalin arzikin karkararmu a bakin dabba yake rataye.

Mun taɓa yin irin wannan kuskure a kan itatuwa, kuma mun gyara, shi ya sa nake da ƙarfin gwiwa. Shekaru da yawa ana koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, duk tohon da ya fito daga kututture a sare a ƙone. Hukumar gandun daji ta riƙe ikon itace, manomi bai ga dalilin renon abin da ba nasa ba. A farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya da ke Maraɗi, ya lura cewa waɗannan ƙananan kurmi da ake rainawa itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, in an zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka rage sauran sai su tashi. Manoman jihar nan suka karɓi dabarar, wadda dama tana da tushe a aikin kakanninsu, suka kira ta sassaben zamani, suka yaɗa ta daga gona zuwa gona. Ƙauyen Ɗan Saga da ke maƙwabtaka da mu ya yi suna a kanta har baƙi daga wasu ƙasashe ke zuwa gani. Da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na da da na baya, sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. Ba a kawo iri daga waje ba. Ido ne ya sauya, abin da ake kira datti aka gane dukiya ne. Sai dai idon ya tsaya a kan abin da ya kai tsayin mutum. Ƙasa da gwiwa har yanzu kalma ɗaya muke da ita a takardun ayyuka, wato haki, kuma haki maganinsa hauya.

Na san akwai manomi a nan da ke cewa a ransa, malam bai taɓa duƙawa noma a cikin dayi ba. Maganarsa gaskiya ce, kuma ba zan rage mata nauyi ba. Duk tsiron da ya tsaya kusa da gero a damina yana shan ruwan da geron zai sha, a ƙasar da ruwan bai isa ba. Ƙaya tana rage saurin aiki, tana sukan yaran da ke bin iyayensu ba takalmi, kuma sukar ƙaya a ƙafar da ba ta samu wanki ba takan zama gyambo. Ba na roƙon kowa ya bar dayi a gindin hatsinsa. Noman farko da maimai suna nan yadda suke. Amma ƙasar ƙauye ba gonar hatsi ba ce kaɗai. Akwai iyakar gona, akwai gefen hanya, akwai burtali, akwai fako da tudun da ba ya ba da amfanin kirki, akwai kuma watanni bakwai ko takwas da gonar kanta ba ta ɗauke da shuka. A waɗannan wurare da wannan lokaci dayi ba ya gasa da kowa, yana riƙe yashi daga iskar bazara, yana ba ƙudan zuma abin tsotsa lokacin da fure ya yi wuya, yana jiran raƙumi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne maganin feshi na kashe ciyawa da ke shigowa kasuwanninmu daga ƙetaren iyaka, wani da rajista wani babu. Hauya tana hannun mai ido, macen da ke noma takan tsallake yoɗo da lalo da tafasa don miyar gidanta, ta bar gadagi don tunkiyarta. Feshi ba ya tsallake kowa.

Ɗalibin da ya yi karatu zai kawo suka ta biyu, wadda ta fi ta farko kaifi. Zai ce zuriyar nan ta Centaurea an san ta da ɓarna a duniya. Haka ne. Wani ɗan'uwan dayi mai furen rawaya, Centaurea solstitialis, ɗan asalin yankin Bahar Rum, ya shiga Kalifoniya ta Amurka a tsakiyar ƙarni na 19 a cikin irin ciyawar dabbobi, kuma zuwa farkon wannan ƙarni ya bazu a kan hekta kusan miliyan 6. Dokin da ya daɗe yana cinsa yakan kamu da ciwon ƙwaƙwalwa da ke hana shi tauna da haɗiya har ya mutu. Wannan labari ya isa ya sa mutum taka-tsantsan. Amma ku lura da abin da Amurkawa suka yi da abin ya fi ƙarfinsu. Sun koma ƙasashen da tsiron ya fito, irin su Girka, suka nemo ƙwarin da ke cin ƙwayar irinsa a can, suka sake su a Kalifoniya, suka kuma riƙa kora garken awaki cikinsa, domin akuya tana cinsa ko bayan ya yi ƙaya. Ma'ana, tsiron ya zama annoba ne da ya je inda ba masu cinsa, kuma maganin da aka nema shi ne a mayar masa da su. A gidansa na asali ba a san shi da wannan ta'adi ba. Dayi a Mayahi yana gidansa, da ƙwarinsa da raƙuminsa. Darasin Kalifoniya a gare mu ya fi shafar irin da muke shigowa da shi ba bincike, da kuma abin da zai faru in muka kori raƙumi daga tsarin. Na yarda da mai sukar a kan abu guda: inda shanu suka yi wa wuri yawa, tsirrai masu ƙaya kan ƙaru saboda an cinye abokan gasarsu. Idan aka ga dayi ya rufe makiyaya shi kaɗai, alama ce ta cewa wurin ya gaji, kuma abin dubawa shi ne yawan dabbobi da faɗin wurin.

Wani kuma zai ce zamanin raƙumi ya wuce, ga tirela ga babur. Ayarin gishiri ya ragu, wannan ba gardama. Amma ƙidayar noma da kiwo da aka yi a Nijar tsakanin 2005 da 2007 ta samu raƙuma fiye da miliyan 1.5, kuma a kasuwannin karkararmu har gobe raƙumi yana kawo damman gero da kaba da itace daga inda mota ba ta shiga. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe shanu fiye da yadda suka taɓa raƙuma da awaki, dalili kuwa shi ne waɗannan biyun suna cin abin da saniya ba ta iya ci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2024 don raƙuma da danginsu saboda wannan juriya. Ƙasar da ake sa ran zafinta zai ƙaru, kuma damina ke zuwa mata da gardama, ba ta da hujjar raina dabbar da ta fi jure fari, balle abincin dabbar.

Batun magani zan taƙaita shi, saboda nan ne aka fi zuzutawa. Masu maganin gargajiya suna jiƙa ko dafa tsirrai masu ɗaci irin dayi don ciwon ciki, kuma ɗacin ba banza ba ne, tunda sinadarin da ya zama ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau, wanda ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu lambar Nobel a 2015, daga wani tsiro na wannan babban dangi aka fitar da shi. Amma zumunta ba shaida ba ce. Hanyar da ta dace ita ce wadda aka bi a Mali da kwarko: likitoci suka zauna da mai maganin ƙauyen Misidugu a yankin Sikaso, suka auna yawan abin da ake sha, suka bi marasa lafiya da gwajin jini, suka buga sakamakon. Kuma kwarkon nan da ganyensa ya nuna amfani, man ƙwayarsa guba ne, shi ne ya gurɓata man girki a Delhi a 1998, dubbai suka kwanta, gommai suka mutu. Tsiro ɗaya, magani a ganye, ajali a iri. Don haka mai cewa dayi yana warkar da kaza da kaza a lasifikar kasuwa ba abokin wannan lacca ba ne. Abokinta shi ne wanda zai kai tsiron ɗakin gwaji. Sauran al'ummu sun yi wa ƙayoyinsu wannan hidima tun da daɗewa: kayan lambun da Faransawa ke kira artisho daga wata ƙayar daji ta Bahar Rum aka rene shi, Falasɗinawa kuma har yau suna fita tsaunuka da bazararsu su haƙo akkub, su fere ƙayar su dafa.

Doka ba ta bar mu a baya ba. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyayi na ya yi zirga-zirga, sun sa burtali da makiyaya cikin dukiyar jama'a da ba a nomewa, kuma kwamitocin kula da filaye suna nan tun daga gunduma har ƙauye. An san abin da ya sa aka damu. A watan Oktoban 1991, a Toda da ke jihar nan, rikicin gona da kiwo ya ci rayuka fiye da 100, galibinsu mata da yara, Allah ya jiƙansu, Allah kada ya maimaita mana. Tun daga nan an kafa turakun siminti a bakin burtaloli da dama. Sai dai turke yana tsare faɗin hanya ne, ba ya tsare abin da ke tsiro a cikinta. Burtalin da garmani ya cinye, ko an auna shi an sa masa hannu, dabba ba za ta tsaya a ciki ba, za ta kutsa gonar da ke gefe, rigimar da aka gudu ta dawo. Saboda haka ina roƙon kwamitocin filaye, in sun fita duba iyaka, su riƙa rubuta tsirran da suka tarar, da bakin makiyayan da ke bin hanyar. Ina roƙon masu aikin farfaɗo da makiyayu, in sun tumɓuke garmani, kada su tsaya kan irin ciyawa ɗaya ko biyu da ke bushewa a Oktoba, su tambayi mai raƙumi da mai akuya abin da dabbarsa ke nema a watan Maris, kuma su gargaɗi ma'aikatansu kada su haɗa da dayi wajen tumɓuka don kawai ya soke su.

Roƙona na ƙarshe ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ne da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Akwai harsashi: Peyre de Fabrègues ya tattara sunayen tsirran Nijar a harsunan ƙasa a shekarun 1970, Farfesa Mahamane Saadou kuma ya shafe rayuwarsa yana nazarin ciyayin ƙasar nan. Abin da ake bukata a ɗora a kai ba ya cin kuɗi mai yawa. A tura ɗalibai Gulbin Kaba da Kanambakashe da Korgom da Maijirgi daga lokacin sakin gonaki har faɗuwar ruwan farko, kowane rukuni tare da makiyayi dattijo. Su bi raƙumi da agogo su ga minti nawa yake yi a kan dayi da kuma a wane wata. Su yanko tsiron a auna abin gina jikin da ke cikinsa yana ɗanye da kuma bayan ya bushe. Su ƙirga shi a gonar da ake feshi da wadda ake noma da hauya. Su danne samfuri a takarda, su rubuta sunansa da Hausa da Fulatanci da Buzanci yadda mai wurin ya faɗa, tare da sunan ƙauyen da ranar da aka tsinko shi. Dattawan da suka san waɗannan sunaye suna nan a raye, wasunsu ma suna zaune a zauren nan, kuma ɗaliban da za su je wurinsu ga su a sahun baya.